Uwar Zubin Dokta Tahani

Sufeto Fikri Shalabi yana tsakiyar cin miyar lalo da naman zomo, abincin da matarsa ba ta yi sai ranar Juma'a, wayarsa ta yi ƙara.

"Basha, an fasa wani ɗakin bincike a bayan kasuwar kifi da azahar," in ji Saja Atiyya, yana kiransa da laƙabin da ake girmama manya da shi a Masar. "Mai wurin ta zo ta hana kowa sakat. Ta ƙi zama, ta ƙi shan shayi, wai sai an bi ta yanzu."

"Me aka ɗauka?"

"Wai faifai ne. Na ce mata na waƙa? Ta yi mini wani kallo kamar na zagi ubanta."

Sufeto ya dubi cinyar zomon, ya wanke hannu.

Ɗakin binciken yana hawa na uku a wani tsohon bene, inda ƙarnin kifi yake rako mutum har bakin ƙofa. Mai wurin, Dokta Tahani Bayumi, gajeriyar mace ce da ta ba hamsin baya, da takalmin roba a ƙafarta. Duk birnin Mansura an san 'yan gidan Bayumi, ba su iya magana a hankali ba, ba su kuma iya ba da haƙuri ba.

An ɓalle kubar ƙofa. A ɗakin farko an watsar da takardu, an kifar da kujera, an farfasa kwalabe. Sufeto ya tsaya ya ƙare wa ɓarnar kallo, hannayensa a baya.

"Dokta, a cikin abin da aka fasa akwai mai tsada?"

"Babu. Kwalaben wanki ne."

"Wancan fa?" Ya nuna wani babban madubin ƙara girma, da 'yar na'ura a gefensa tana tura sirinji a hankali, siraran tiyo suna fita daga bakinta.

"Wancan ya fi motarka daraja."

"Ɓarawon kirki," in ji Sufeto. "Ya san abin da za a fasa ba a yi kuka ba. To mene ne faifan?"

"Zo ka sa ido, don kar ka je ka rubuta shirme irin na sajanka."

Ta zaunar da shi gaban madubin. A ƙarƙashinsa akwai wani fallen roba mai haske, bai fi kwalin ashana ba, manne da gilashi. Da ya leƙa sai ya ga kamar gona daga sama: babbar hanyar ruwa ta rabu biyu, biyun suka sake rabuwa, kowane reshe da 'yan aljihuna a jere. A cikin kowane aljihu akwai ƙwai guda mai ƙaya a gindi. Ɗaya ma ya ƙyanƙyashe, wani ɗan abu yana ta kai da kawowa.

"Kowace hanya da ka gani, gashin kanka ya fi ta kauri," in ji ta. "Ƙwan tsargiya ke nan. Ɗigon fitsari ɗaya muke turawa, hanyoyin su tace shi, su ajiye kowane ƙwai a ɗakinsa da rai. Sai mu aika wa wannan layi magani kaza, wancan magani kaza, mu zauna mu ga wanda ya mutu da wanda ya yi taurin kai. Abin da a da sai an kashe ɓeraye kwando guda."

Sufeto ya ɗago daga madubin. Ɗan ƙauye ne, kuma babu wanda ya tashi yana wanka a ƙoramun ban-ruwa da za a yi wa bayanin fitsarin jini.

"Shi wannan fallen zuba shi ake yi," ta ci gaba. "Akwai uwar zubi, wani faifai mai ƙyalli, faɗin ƙaramin faranti, a kansa aka tayar da zanen hanyoyin. Mu dama ruwan roba da maganin daskarewa, mu zuba a kai, in ya daskare mu ɓare, hanyoyin sun fito. Ita aka ɗauka. Guda ɗaya ce a duniya."

"Ba a yin wata?"

"Zanen yana kaina. Amma injin da ya fitar da ita na wani kamfani ne a ƙasar waje. Sun ce in sayar musu da aikin gaba ɗaya, na ce su sha ruwan teku. Suka rufe mini ƙofa. In ta tafi, aikin ya tafi."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Dokta Midhat Saruji, abokin aikina, da Injiniya Abanub. Duk na kira su."

Ba ta rufe baki ba sai ga Dokta Midhat, dogon dattijo mai furfura a gefen kai, da kwat ruwan toka, yana ƙamshin turare. A bayansa Injiniya Abanub, magidanci mai sanƙo, yana share gumi.

"Innalillahi! Tahani, wane la'ananne ne ya yi mana haka?" in ji Midhat. Yana maganar yana tafiya, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan faifan gwaji da aka bari a buɗe a kan tebur. Bai ma tsaya ba, ya ɗauki murfi ya kife shi.

"Abanub! Sau nawa zan faɗa? Ba a barin uwar zubi tsirara, ko ta wasa ce. Ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce a cikin hanyar nan." Ya juya ga Sufeto da murmushi. "Gafarta mini, Basha. Ni na koya musu aikin, har ita Doktar. Dokata ta farko ke nan: ka yanke fallenka, ka dama sabuwar roba ka rufe uwar kafin ka sha ruwa."

"Ina kake da azahar, Dokta?"

"Masallaci, sannan gidan ƙanwata, cin kifi. Jiya kuwa wuni na yi a Alƙahira wurin taro, sai da aka yi isha na dawo." Ya kama hannun Sufeto ya ja shi gefe, ya rage murya. "Ba na son in faɗi wannan. Masu ba mu tallafi za su zo ganin sakamako cikin makon nan, kuma ni na san sakamakon bai yi kyau ba. Mace mai girman kai, in ta ga kunya na tafe... ka dai gane. Abin da ya ɓace ba a iya gwada shi."

"Kana nufin ita ta sace kayanta?"

"Ni ban ce ba. Allah Ya kiyashe ni."

Sufeto ya sa Saja ya zaunar da mazan biyu a ofis, ya ba su shayi. Shi kuma ya ce Dokta Tahani ta kai shi inda faifan yake kwana.

Ɗaki ne ƙarami a ciki, fes, babu ko taga. Ta nuna masa wani kwanon gilashi da aka kife a kan tebur, babu komai a ƙarƙashinsa. Sufeto ya durƙusa ya jawo kwandon shara. Yana cewa kwandon shara ba ya ƙarya, don ba wanda yake tuna ya ba shi cin hanci.

A ciki akwai kofin takarda da ɗan tsinken katako. Ya ɗaga tsinken, wani ruwa mai haske ya biyo shi yana zare kamar zuma.

"Wannan ce robar taku?"

Dokta Tahani ta dubi kofin, fuskarta ta canza. Ta dafa tebur.

"Wa ya dama wannan? Jiya ni na zubar da sharar nan da hannuna. Ba wanda ya yi zubi tun shekaranjiya."

"To yau an yi. Bai ma daskare ba."

"Ya kashe ni," ta ce. "Jakin ya zuba mata roba!"

"Ba haka dokar take ba? Yanzu aka karanta mini ita."

"Dokar tana aiki in faifan yana da shafinsa. Ka taɓa ganin an zuba kunafa, kayan zaƙin nan namu, a tire ba a shafa man shanu ba? Akwai maganin da muke turara uwar da shi don kar roba ta kama ta. Nata ya tsufa, jiya na wanke shi tas, na kife ta ta bushe. Yau na zo in turara sabo, shi ya kawo ni ranar Juma'a. In robar nan ta daskare a kanta, ranar da aka ɓare, da hanyoyin za ta taso. Sai dai a yi madubin aski da ita."

"Yaushe take daskarewa?"

"In wurin da zafi, ta riga ta gama. In da sanyi-sanyi, ta kai magariba ana iya wanke ta."

"Ana iya tsayar da ita?"

"Ƙanƙara. Sanyi yana sa ta barci. Kowane ɗan koyo ya san haka."

Sufeto ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Wa ya san kin wanke shafin?"

"Abanub. Shi ya riƙe mini kwano."

"Dokta Midhat fa?"

Ta buɗe baki, ta tsaya. Sai ta juya za ta nufi ofis kamar saniyar da aka taɓa wa maraƙi. Sufeto ya tare ƙofa.

"Matsa mini, Basha! Yau sai na cire masa furfurar nan ɗaya bayan ɗaya."

"Ki cire, ya ce sharri ne, faifanki kuma ya daskare a inda yake. Kofi ba ya rantsuwa a kotu. Dokta, na roƙe ki abu ɗaya, na san mai wuya ne a gidanku: ki yi shiru har sai na tambaye ki."

Ta harare shi, amma ta ja baya.

Ya kira Abanub shi kaɗai.

"Injiniya, yaushe rabonka da nan?"

"Jiya da yamma, Basha. Yau ban fito ba, ina gida da yara."

"Wannan sirinjin da na'ura take turawa, kwana nawa yake yi?"

"Ba ya kwana biyu. Kullum da safe ake sa sabo."

"Ga shi kuwa ko rabi bai yi ba. Aljani ya sauya shi?"

Gumi ya sake karyo wa Abanub. "Na zo, Basha. Da hantsi, na sauya na fita. Na rantse da ran 'ya'yana. Da na ji an ce da azahar aka yi satar, sai na ce kowa yana masallaci, ni kaɗai ne Kirista a benen nan, wa za a fara kamawa?"

"Da ka zo, faifan yana nan?"

"Yana nan ƙarƙashin gilashinsa."

"Tsirara. Hannunka bai yi maka ƙaiƙayi ka rufe shi ba?"

"In zuba roba a kan faifan da aka wanke? Ai gara in zuba wa idona. Dokta za ta binne ni da rai."

"Koma ka sha shayinka. Nan gaba in za ka yi wa ɗan sanda ƙarya, ka fara shawara da sirinjinka."

Daga nan Sufeto ya sauka matakala a hankali, yana duban ƙasa. A kwanar hawa na biyu ya ga wani ɗigo mai ƙyalli, ƙura ta fara manne masa. Ya taɓa, ya ji danƙo. A ƙasa ya samu mai gadin benen, Am Sha'aban, tsoho mai jallabiya, zaune a bakin ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matakala.

"Am Sha'aban, wa ya shiga da azahar?"

"Ina zan sani, Basha? Ina masallaci, sahun gaba."

"Madalla. A kan me liman ya yi huɗuba?"

"A kan... tsoron Allah."

"Kowace Juma'a ma haka ne. Ga tabarmar sallarka a rataye, gizo-gizo ya yi gida a kanta. Ga kuma gawayin shisha bai mutu ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Gwiwa ce, Basha. Kar ka gaya wa matata Hajiya, ta ɗauka ina zuwa."

"Tsakaninka da Ubangijinka. Me ka gani?"

"Ban ga fuska ba, na rantse, labule a sake yake. Na dai ji an hau da sauri, ana tsakiyar huɗuba. An jima na ji ɓaram-ɓaram a sama, na ce Dokta ce take faɗa da kayanta kamar kullum. Sai saukowar ta ba ni mamaki. A hankali, a hankali, kamar amarya. Na leƙa ta ƙasan labule, na ga takalmi baƙi mai sheƙi, da gindin kwalin kunafa an riƙe shi hannu biyu. Na ce a raina, wannan kunafar ta sarki ce."

"Ka ji tashin mota?"

"Babu mota. Da ƙafa ya bi ta cikin kasuwa."

Sufeto ya gyaɗa kai. Mai ɗauke da ruwa a faranti ba ya nisa.

Yana hawowa wayarsa ta yi ƙara. Kanar ne, shugaban caji ofis ɗinsu.

"Fikri, na ji kana ɓata yammacinka a kan rigimar malamai. An kira ni daga sama, surukin Dokta Midhat mutum ne da ba a ƙi jin maganarsa. An ce matar ce ta shirya abinta. Kawo ta, a rubuta mata rahoton ƙarya da ɓarnar kayan cibiya, a rufe wurin."

"Ba zan kawo ta ba, Basha."

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan kawo ta ba. Ka ba ni zuwa magariba. In ban zo maka da ɓarawo ba, ka tura ni gadin iyaka a hamada, dama likita ya ce in rage cin zomo."

"Zan kuwa tura ka!"

"Na gode, Basha." Ya kashe wayar.

Dokta Tahani tana tsaye a saman matakala, ta ji komai.

"Da ka kai ni," ta ce. "Na fi son in kwana a sel da in roƙi surukin wani."

"Kwananki a sel ba zai wanke faifai ba. Zo, lokacin maganarki ya yi. Gaskiya kawai za ki faɗa, da irin muryar da Allah Ya ba ki. Ƙanƙara ce kaɗai ban yarda ki ambata ba."

Ya tara su duka a ofis, ya ajiye kofin takardar a tsakiyar tebur.

"Na samu wannan a shara. Da alama ɓarawon ya rufe faifan da roba kafin ya tafi. Dokta Midhat, ai wannan labari ne mai daɗi ko? Ƙura ba za ta taɓa shi ba."

"Haka ne," in ji Midhat, yana juya cokali a shayi. "Ko wane ne, ya san aiki. Wannan ma ya ƙara nuna na gida ne." Ya ɗan saci kallon Tahani.

"Ya san aiki?" Muryarta sai da ta girgiza kofuna. "Jiya na wanke shafin uwar tas! Babu ko ɗigon magani a kanta. Tambayi Abanub. In robar ta kama, duk wanda ya ɓare ta zai ɓare hanyoyin da ita. Ɓarawon ya saci gawa, ya kai wa masu sayensa su yi mata sallah!"

Cokalin Midhat ya tsaya.

"Kin wanke? Wa ya ce ki wanke ba ki gaya mini ba?"

"Kana Alƙahira kana shan iska. Kuma tun yaushe nake neman izininka a kan kayana?"

Sufeto ya yi hamma. "To, ni dai na gaji. Abin da ya lalace ya lalace. Kowa ya tafi gida, gobe a zo caji ofis a ba da bayani."

Midhat ne ya fara tashi. Ya ce olsa ta taso masa, maganinsa yana gida. Ya yi sallama da kowa cikin ladabi, ya fita. An ji saukarsa, ba irin ta amarya ba.

Sufeto ya je taga ya ɗaga labule. Motar Midhat tana ƙofar bene, amma bai ko dube ta ba. Ya kutsa cikin kasuwa da kwat ɗinsa, yana tsallake ruwan kifi, ya tsaya gaban wani mai sayar da tarwaɗa. Aka ga mai kifin yana dariya, yana ɗura masa dakakkiyar ƙanƙara a leda.

"Sabon maganin olsa," in ji Saja Atiyya.

"Mu je mu ga yadda ake shan sa."

Suka bi shi daga nesa, Sufeto da Saja, Dokta Tahani a bayansu duk da an ce ta zauna. Ya shiga wani lungu a bayan kasuwa, ya hau wani tsohon gida, gidan marigayiya mahaifiyarsa da ya daɗe a rufe. Garin sauri ko ƙofa bai tura ba.

Suka same shi a falo, tagogi a rufe, kujeru lulluɓe da zannuwa. A kan teburin cin abinci ga kwalin kunafa a buɗe. An cusa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin ɗaya don ya daidaita. A cikin kwalin, a faranti mai zurfi, faifan yana ƙyalli ƙarƙashin ruwan roba. Midhat ya juye ƙanƙara a tire, yana ƙoƙarin ɗora farantin a kai.

"A ci lafiya, Dokta," in ji Sufeto. "Ba tayi?"

Midhat bai saki farantin ba sai da ya zaunar da shi daidai a kan ƙanƙarar. Sannan ya miƙe ya gyara kwat.

"Tsinta na yi. Wani ya kira ni ya ce..."

"Dokta, kai mai ilimi ne, kar ka yi ƙaryar 'yan tasha. Ɓarawon da ya tsaya ana tsakiyar sata ya auna roba ya dama, ɗan gida ne. 'Yan gida uku ne. Biyu sun san an wanke faifan, ko da wuƙa a wuya ba za su zuba ba. Saura wanda yake Alƙahira jiya. Ka fasa kwalabe don a ce ɗan iska ne ya shigo, amma da ka ga faifan a buɗe, hannunka ya ƙi. Hali zanen dutse."

Midhat ya dubi farantin. Sai ya ɗaga kai, babu kunya a idonsa ko kaɗan.

"To, ni ne. Kuma ba sata na yi ba, nawa na ɗauka. Wa ya koya mata dama roba? Wa ya koya mata riƙe wuƙa? Yarinya ce ta zo mini ba ta san bambancin ƙura da ƙwai ba. Mutanen kamfanin nan sun ce za su ba mu ɗakin bincike irin wanda ba ta taɓa mafarki ba, sunana a bakin ƙofa. Ta ce a'a, ba ta ko tambaye ni ba. In tsufa a saman kasuwar kifi, in mutu ina ƙarni? Wa zai ga aikinmu a nan?"

"Masu fitsarin jini," in ji Tahani. "Su za su gani. Na ce da kamfanin su rubuta cewa asibitocin ƙauye za su samu, suka ce ba a rubuta irin wannan. Kai kana wurin."

"Ƙauye! Kullum ƙauye!"

"Daga can aka kawo uwarka, Midhat, a nan ɗakin ta mutu da kumburin ciki na tsargiya. Ni na yi mata wanka. Kuma ba satar ce ta fi ci mini rai ba. Ka ɗauka, ka ce nawa ne, mu yi faɗa a titi kowa ya gani. Amma ka je kana raɗa wa 'yan sanda wai aikina ƙarya ne?"

Saja ya ciro ankwa.

"Ka san surukina?" in ji Midhat.

"Na ji labarinsa," in ji Sufeto. "Ka ce ya kawo maka bargo, sel ɗinmu da sanyi. Roba ma ba ta daskarewa a ciki."

Dokta Tahani ba ta ƙara bi ta kansu ba. Ta zaro tsinken sakace daga kwalin kunafar, ta sunkuya, ta taɓa robar daga can gefe inda babu zane. Duk suka zuba ido, har mai ankwa a hannu. Ta ɗaga tsinken. Robar ta biyo shi, ta yi zare mai kauri, ta tsinke ta koma.

"Tana da rai," ta ce. Ta kira Abanub a waya. "Haɗa ruwan wanki, kwano uku, ka buɗe ƙofa ka matsa daga hanya. Ina tafe."

Sufeto shi ma ya kira Kanar. "Basha, ba a yi magariba ba tukuna. Ina tafe da baƙo, sai dai ba wadda ka yi oda ba ce." Bai jira amsa ba.

Tahani ta ɗauki tiren da ƙanƙararsa da faifansa, hannu biyu, ta nufi matakala. Saja ya biyo da Midhat a baya. Da suka fito lungu, masu kifi suka dare mata hanya, wani ya ɗaga murya, "Dokta, a sammana kunafar mana!"

A bakin kasuwa ƙafarta ta ɗan zame a ruwan kifi, tiren ya yi gefe kaɗan. Midhat ya zabura har ankwa ta yi ƙara.

"Daidaita hannunki, Tahani! Kin karkata ta hagu!"

Ba ta waiwayo ba, ba ta kuma rage tafiya ba.

"Saja," ta ce, "riƙe naka da kyau. Ni na riƙe nawa."